Yadda Na Buɗe Tashar Gwajin Fedojin Jita

Wata bakwai ke nan da ɗora bidiyona na farko a YouTube, jiya da daddare kuma na gama tace na goma sha tara. Duk a kan abu guda suke: fedojin jita, 'yan akwatunan ƙarfen nan da makaɗi ke jerawa a gabansa yana takawa da ƙafa, sautin jitar ya rikiɗe. Masu bibiyar tashar ba su da yawa tukuna, amma tambaya ɗaya suke ta maimaita mini: yaya kake ɗaukar sautin, kuma me ya sa kake ɓata lokaci a kan abin da wasu ke wucewa da gudu? Amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na zauna in rubuta ta a tsanake.

Takaici ne ya haifi tashar. Shekara huɗu da suka wuce na ci karo da bidiyon wani mutum yana gwada wata fedar obadiraif, irin wadda ke sa jita gurnani kamar an ƙure amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Sautin ga kauri ga zaƙi, in ya ja tsirkiya sai ka rantse muryar mutum ce. Na yi ta tari har na samu na saye ta. Ranar da ta zo hannuna ko zama ban yi ba, na jona, na taka, na kaɗa. Abin da ya fito daga 'yar amfilifayata sai ka ce zanzaro ne ya faɗa gwangwani. Na murɗa nan, na murɗa can, babu wani sauyi na kirki. Washegari na ɗauke ta na kai wa malamin da ya koya mini jita, na ce, "Malam, ina jin lalatacciya aka ba ni." Bai ce uffan ba. Ya jona ta a tasa amfilifayar, ya rage mamurɗi ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya yi kiɗa kamar na minti guda. Sai ga sautin nan na cikin bidiyo, ko dai ɗan'uwansa. Ya miƙo mini ita ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Hannun mutumin ka ji ka so, kai kuwa akwatin kaɗai aka sayar maka."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mai bidiyon bai yi ƙarya ba, fedar ce a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai dai abin da ya shiga kunnena tarin abubuwa ne: jitarsa, babbar amfilifayarsa, shekarun da ya yi yana kiɗa, gangar da ke bayansa, da amon da aka ƙara wa sautin wajen tacewa. Rabon fedar a ciki ɗan kaɗan ne. Ita feda ba ta da sautin kanta. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi shi ke mayar da kaɗawarsu wata 'yar wutar lantarki mai rauni, wutar ta bi waya ta shiga feda, fedar ta lanƙwasa ta yadda aka ƙera ta ta yi, sannan ta miƙa wa amfilifaya. Abin da aka ba ta shi take sarrafawa. Idan mai kallo bai ji abin da aka ba ta ba, ta ina zai gane abin da ta yi?

Don haka kowane bidiyo nawa da sautin jita tsura yake farawa, feda a kashe, daƙiƙa goma sha biyar. A ƙasan hoton ina rubuta irin jitar, maganaɗisun da na zaɓa, na kusa da wuyan jitar ko na kusa da gindin tsirkiyoyi, da inda kowane mamurɗin amfilifaya yake. Na san a nan wasu ke sauya tasha, domin babu abin burgewa a jita tsura. Na haƙura da su. Wanda ya zo da niyyar saye, wannan daƙiƙa goma sha biyar ɗin ita ce ma'auninsa.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma wanda na fi damuwa da shi, shi ne daidaita ƙara. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: in aka kunna masa sauti biyu, ɗaya ya ɗara ɗayan ƙara ko da da desibel ɗaya ne, wato ɗan taki kaɗan a ma'aunin ƙara, sai ya zaɓi mai ƙarar. Kuma ba zai ce ya fi ƙara ba, cewa zai yi ya fi cika, ya fi fitowa sarari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka auna yadda kunne ke karɓar sauti, suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa ƙasan sauti, da samansa ma, fiye da tsakiyarsa. Ka ƙara ta kaɗan, sai kauri da ƙyalli su dawo, mutum ya ɗauka sautin ne ya gyaru. To, kusan kowace fedar gurnani tana da mamurɗin ƙara, kuma hannun mai gwaji yakan bar shi ya ɗan wuce daidai, sau da yawa ba da gangan ba. Da ya taka, sauti ya yi tsalle, mai kallo ya ce kai, wannan feda ta haɗu. Alhali da mamurɗin amfilifayarsa ya ƙara, da ya sami rabin daɗin nan ba tare da ya sayi komai ba.

A farko na ɗauka ido zai raba gardama, wato in dubi ma'aunin da ke tsalle a manhajar ɗaukar sauti, in tabbatar ya tsaya wuri ɗaya ko feda na kunne ko tana kashe. Ashe wannan ma'aunin ƙololuwar sauti kawai yake nunawa. Aikin fedar gurnani kuwa shi ne ta sare kawunan igiyar sautin ta ɗago jelarsa, sai ƙololuwa ta sauka amma abin da kunne ke ji ya hau. Na daidaita da ido, na saurara, sai na ji ɓangaren fedar ya danne ɗayan ƙwarai. Yanzu da ma'aunin LUFS nake aiki, wanda aka tsara shi a kan yadda kunne ke jin ƙara. Ina auna jimlar kiɗa ɗaya feda a kashe, in auna ta feda a kunne, in yi ta murɗa ƙarar fedar har tazarar ta gaza rabin desibel. Wani lokaci minti ashirin nake yi a kan wannan kaɗai kafin in kunna kyamara. YouTube ma tana daidaita ƙara, tana sauke bidiyon da ya wuce kusan 14 ƙasa da sifili a ma'aunin na LUFS, amma bidiyon gaba ɗaya take saukewa. Tazarar da ke tsakanin ɓangare da ɓangare a cikinsa tana nan yadda mai shi ya bar ta.

Sai matsalar hannu. Babu makaɗin da zai kaɗa jimla ɗaya sau biyu ta fito iri ɗaya, kuma na lura da kaina cewa in na taka fedar da nake so, hannuna yana ƙara kuzari ban sani ba. Maganin da na samu shi ne lufa, wata 'yar feda mai naɗe kiɗa ta yi ta maimaita shi. Ina sa ta a farkon layi, kafin fedar da ake gwadawa. In kaɗa jimla ɗaya, in ajiye jitar a gefe, jimlar ta yi ta zagayowa, hannayena biyu kuma su koma kan mamurɗai. Mai kallo yana ganin yatsana yana juya mamurɗin gurnani daga ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe biyar, kamar hannun agogo, yana jin abin da ke faruwa a kowane taki, kuma ya tabbata kiɗan bai canja ba. Duk abin da ya canja, fedar ce.

Na yi ta murna da dabarar nan har bidiyo na shida, inda ta watsa mini ƙasa a ido. Wata fedar faz na gwada, wato mai gurnani mai kauri ƙwarai, wadda aka ƙera a kan tsarin Fuzz Face. Ita Fuzz Face a Landan ta fito a 1966, zagayayya ce kamar faifai, shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi kiɗa da ita sosai. Cikinta babu tarkace: taranzista biyu, rizista huɗu, kafasita uku, da mamurɗai biyu. Na sa tawa a bayan lufa kamar yadda na saba, sai ta riƙa ƙara mai tsini, mai yaga kunne, ko ina na kai mamurɗan. Na faɗa a bidiyon cewa fedar tana da kaushi, ba ta yi mini ba. Kwana biyu da ɗorawa wani bawan Allah ya rubuto mini: "Malam, cire lufar nan ka jona jitar kai tsaye, sannan ka rage mamurɗin ƙarar da ke jikin jitar zuwa bakwai, ka ji." Na yi yadda ya ce. Tsigar jikina sai da ta tashi. A goma, gurnani ne mai kauri kamar ana yaga bargo. A bakwai, sai ya washe ya koma sauti garau mai ɗan ƙyalli, wanda ya fi jitar tsura daɗi. Tsakanin bakwai da goma akwai launi kala-kala, duk a ƙarƙashin ɗan yatsa ɗaya.

Da na bi diddigi na gane dalili. Wannan tsarin yana jan wuta daga maganaɗisun jitar kai tsaye, shi da maganaɗisun da mamurɗin jitar su zama da'ira guda, kowa na taɓa kowa. Lufa kuwa ta riga ta ƙarfafa sautin kafin ta fitar da shi, babu maganaɗisu a bayanta da faz ɗin zai yi kokawa da shi, sai wutar ta afka masa gaba ɗaya. Shi ya sa masu kiɗa ke sa irin wannan feda a farkon layi, ba sa bari komai ya shiga tsakaninta da jita. Na zalunci fedar, na kuma ɓatar da duk wanda ya kalla. Na sauke bidiyon, na sake ɗauka da hannu, na fara da bayanin kuskuren da na yi. Har yau shi ne bidiyon da aka fi kallo a tashar.

Kayan ɗauka ba su da yawa. Bidiyona na farko da waya kaɗai na yi shi, hoto da sauti, kuma da na saurara sai na ji feda a kunne da a kashe kusan ɗaya. Makirfon waya don magana aka yi shi, yana da wani tsari da ke ɗaga sauti in ya yi ƙasa, ya danne shi in ya yi sama, ga amon ɗakin da yake kwasowa. Yanzu wayar hoto kawai take ɗauka. Sauti yana bi ta makirfo Shure SM57, wanda tun 1965 ake kafa irinsa a gaban sifikar jita, daga nan ya shiga akwatin da ke kai shi kwamfuta. Kafin in fara ina tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wajen tacewa sai in haɗa tafin hoto da tafin sauti, komai ya hau layi.

Wurin da makirfon ke fuskanta ba abin wasa ba ne. In ya kalli tsakiyar sifika, sauti ya yi tsini. In ya matsa gefe, ya yi duhu. Faɗin yatsa biyu yana iya canja sauti fiye da yadda wasu fedoji biyu suka bambanta. Da na sami wurin da ya fi kama da abin da kunnena ke ji a ɗakin, sai na manna farin tef a ragar amfilifayar, na kuma zana wa ƙafafun sandar makirfon alama a ƙasa. Tun daga ranar ban matsar da shi ba, don wanda ya kalli bidiyo na takwas ya iya kwatanta shi da na goma sha biyar. Akwai kuma wani ɗan abu da ya daɗe yana ɓata mini aiki ban gano shi ba. Ƙaramin makirfon da nake maƙalawa a riga don magana yana kwaso ƙarar tsirkiyoyin kansu, wannan ƙyas-ƙyas ɗin da jitar lantarki ke yi in ba a jona ta ba, da ƙarar takun makunnin feda. Suna haɗuwa da sautin amfilifaya su ba shi wani haske na ƙarya. Yanzu da zarar na rufe baki na fara kiɗa, wannan makirfon a kashe yake wajen tacewa.

Game da hoto ba ni da dogon bayani. Kyamara daga sama take kallon fedar, mamurɗan su cika fuska. Fuskata ba ta fitowa sai a farko. Fitilar da ke jikin wasu fedojin, musamman shuɗiya, tana makantar da kyamara, sai in liƙa mata ɗan tef ya rage haskenta. In mamurɗi baƙi ne ba a ganin inda ya nuna, ina ɗiga masa farin fenti mai gogewa.

Wani dare na kwashe awa uku ina farautar wani siririn fito da ke bin bayan kowane sauti. Na canja waya, na canja jita, na kashe fitilar ɗaki, yana nan. Sai na fara cire fedojin ɗaya bayan ɗaya, har na iso kan wata ta dijital mai maimaita sauti. Da na zare mata wuta, ɗif, shiru. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, ta fulogi mai negatif a tsakiya, tsarin da ya bazu ta hanyar ƙananan fedojin kamfanin Boss da suka fara fitowa a 1977. Saboda haka mutum yakan ɗauki adafta ɗaya da waya mai rassa ya ciyar da su duka. Amma fedar gurnani ta gargajiya 'yan miliyamf kaɗan na wuta take sha, sau da yawa ƙasa da goma, ta dijital kuwa tana iya shan ɗaruruwa, kuma hayaniyar cikinta tana bin wayar da suka yi tarayya ta shiga maƙwabtanta. Fedar gurnanin ta karɓi ɗan fiton ta ninka shi. Yanzu wadda ake gwadawa tana da wutarta ita kaɗai, ko batir. Idan bayan haka har yanzu tana huci, to nata ne, kuma ina barinsa a bidiyo. Manhajar tacewa za ta iya share shi cikin daƙiƙa biyar, amma wanda zai saya da hucin zai zauna a ɗakinsa, ya kamata ya ji shi tun yanzu. A kowane bidiyo akwai wurin da nake dafe tsirkiyoyi in yi shiru, mamurɗin gurnani a ƙure, don a ji abin da fedar ke yi in ba a kaɗa komai ba.

Wani abokina mai kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, shi ya nuna mini giɓin da ya rage. Na kunna masa gwajin da na yi wa Tube Screamer, koriyar fedar nan ta Ibanez wadda Susumu Tamura na kamfanin Maxon ya tsara a Japan, ta fito a 1979 da lamba TS808. Ita kaɗai, ta cikin amfilifaya garau, sautinta kamar mai magana ta hanci ne, domin tana rage ƙasan sauti ta turo tsakiya. Abokin nawa ya ce, "Kai, ai ba a yi ta don zaman kaɗaici ba. Kawo in ɗora maka bes." Ya ɗora, muka sa ganga a ƙasa. Wannan hancin da nake ƙorafi a kansa sai ya zama shi ne ya fito da jitar fili, ƙasan da ta rage kuma ya bar wa bes wurinsa. Daga nan muka gwada Big Muff, wadda Electro-Harmonix ta fara yi a New York a 1969. Ita akasin haka take: tana kwashe tsakiya ta bar ƙasa da sama. Ita kaɗai sai ka ce bango ne ya taso maka, daɗi ba a magana. Da ganga da bes suka shigo, sai muka neme ta muka rasa, ta nutse a cikinsu. Da a ce kowacce ita kaɗai na nuna, da na sa mutane sun ƙi ta farko sun rungumi ta biyu, alhali mai kiɗa a cikin ƙungiya zai iya buƙatar akasin haka. Tun daga nan minti ɗaya na ƙarshen kowane bidiyo na ganga da bes ne, jimla ɗaya, feda a kashe sannan a kunne.

Fedojin maimaici, masu dawo da sauti kamar amsa-kuwwa, su kuma shiru suke so. Na fi jin daɗin gwada na gargajiya irin Boss DM-2 ta 1981, wadda iyakar jinkirinta milisakan 300. A cikinta akwai wani ɗan guntun lantarki da aka ƙirƙiro a kamfanin Philips a 1969, wanda sunansa ke nufin layin masu miƙa wa juna bokitin ruwa wajen kashe gobara. Haka yake aiki: sautin yana bin dubban ƙananan ma'ajiyai, wannan ya miƙa wa wancan, kafin ya fito a ƙarshe ya makara. Kuma a hanya ana zubar da kaɗan, shi ya sa kowane maimaici ya fi na gabansa duhu da laushi, har ya narke. Ba a jin wannan in mutum yana ta zuba kiɗa. Ina kaɗa sauti ɗaya tak, in ɗauke hannu, in bar shi ya mutu da kansa. Wajen tacewa hannuna yakan yi ƙaiƙayin yanke wurin, don ana cewa mai kallo ba ya jure shiru. Ba na yankewa.

Duk kiɗan da ke tashar nawa ne. YouTube tana da tsarin Content ID mai gane waƙoƙin mutane, kuma mai waƙar yana iya karɓe kuɗin tallan bidiyo ko ya toshe shi. Amma ko babu wannan, da na guji sanannun waƙoƙi, domin da zarar mutum ya ji kiɗan da yake ƙauna, ya daina sauraron feda ya koma tuna waƙar. Ina da jimloli huɗu da na tsara: ɗaya ta tsirkiyoyi shida a buɗe, ɗaya ta ƙasa mai nauyi, ɗaya ta sauti ɗai-ɗai a sama, ɗaya kuma da nake farawa a hankali in ƙare da ƙarfi don a ji yadda fedar ke amsa hannu. Su nake maimaitawa a kowane bidiyo. Masu bibiyata sun haddace su, har wani ya ce ya gaji da ji. Na ba shi haƙuri, amma ban canja ba, don da kunne ya saba da jimla ne yake fara jin abin da ke bayanta.

Batun kuɗi kuwa, da saura. Kafin tasha ta fara samun rabon talla a bidiyo masu tsawo, YouTube tana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ni kuwa ban kai rabin ko ɗaya ba. Fedojin da nake gwadawa nawa ne, ko na aro wurin abokai. Sau ɗaya wani ƙaramin mai ƙera fedoji ya rubuto zai aiko mini da tasa kyauta. Na yi kwana uku ina juya maganar, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na amsa masa cewa zan karɓa aro, in gwada ta yadda nake gwada kowacce, in faɗa a farkon bidiyo cewa shi ya aiko, in kuma mayar masa in na gama, kuma ba zai ga bidiyon ba sai ranar da kowa ya gani. Ya yarda. Fedar tana da kyau, sai dai mamurɗin sautinta ba ya yin komai sai ya wuce ƙarfe biyu, kuma na faɗi haka.

Bidiyon da na gama jiya shi ne wanda na fi jin tsoron ɗorawa. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a harkar fedoji abin ya yi yawa: mutum ya ga suna da fenti, kunnensa ya bi idonsa. Dubi Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya riƙa haɗawa da hannunsa tun 1994, ya shafe cikinta da baƙin danƙo don kada a kwaikwaya. Yau ana ambatonta kamar wani abin tarihi, kuma kwaikwayonta sun cika duniya. Ban taɓa riƙe ta asali ba, amma na aro fedoji biyu da aka yi a kan tsarinta, ɗaya mai suna, ɗaya wadda ba wanda ya san ta. Na daidaita ƙararsu, na rufe su da kwali, abokina ya riƙa sauya su yana rubuta jerin a takarda, ni ina juya musu baya. Sau goma muka yi. Na shiga da tabbacin zan gane mai sunan, domin da idona a buɗe na sha jin ta fi zurfi. Sau shida na dace, sau huɗu na kuskure, wanda bai fi canki-canka da komai ba. Na bar wannan a bidiyon yadda ya faru, na kuma jera gwajin goma don mai kallo ya gwada nasa kunnen kafin in buɗe kwalin a ƙarshe.

Bidiyo na ashirin zai koma kan faz ɗin nan na bidiyo na shida. Taranzistocinsa na sinadarin jamaniyom ne, irin na farkon zamani kafin masu ƙira su koma silikon, kuma jamaniyom yana jin zafi: in ɗaki ya ɗumama, wuta tana ƙara zurarewa a cikinsa, sautin ya canja. Na lura da rana fedar tana yin laushi tana kakkatsewa, da asuba kuma ta miƙe garau. Ina so a ji wannan da kunne. Na riga na ajiye ma'aunin zafi kusa da ita, na sa sababbin tsirkiyoyi tun shekaranjiya don su zauna, mamurɗan kuma na liƙe su da tef kada su motsa. Gobe zan ɗauki rabin farko da asuba, in bar komai a inda yake, in dawo ƙarfe biyu na rana in kaɗa jimlolin nan huɗu.